Bandejin da Na Kwance a Akihabara

Tun da na dawo ba ku bar ni na sha ruwa ba. In an tashi daga sujada a coci ranar Juma'a, kafin in kai bakin bas, sai "Sista Ladi, yaya Japan?" In na sauka sayen tumatir a shagon da ke ƙasan gidanmu a Bin Mahmud, can ma sai na ci karo da ɗayarku. Kullum amsata ɗaya ce: lafiya lau, akwai tsafta, akwai sanyi. Maman Dauda ce ta gaji da ni, ta ce, "Ke Ladi, tsafta kika je gani? Ina Rifkatu?" To, yau ba ni da diyuti, bari in zauna in ba ku labarin daga tushe. Wadda ta ga abin dariya a ciki ta yi abinta, ni ma na yi kafin ta ƙare mini.

Ga waɗanda ba su san ta ba, Rifkatu 'yata ce, ita kaɗai Allah ya ba ni. Tana firamare babanta ya rasu, na samu aikin nas a nan Doha, na bar ta a Jos a hannun yayata Asabe. Yaya Asabe ta yi mini riƙo na gani na faɗa, yarinya ga ladabi ga aiki. Da ta gama sakandare na ce lokaci ya yi, ta dawo wurina, in zama kafil ɗinta, wato mai tsaya mata a takardun zama, ta yi karatunta a nan. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. "Zan yi tunani, Mama," shi ne abin da nake samu duk ranar da na ɗauko maganar. Yaya Asabe ta ja mini kunne a waya. "Kada ki tilasta mata, Ladi, ta girma. In kina son ta, ki bi ta inda zuciyarta take." Na ce ina zuciyar tata take? Ta ce, "A katun ɗin Japanawan nan masu manyan idanu. Ko tuwo take tuƙawa, suna gabanta a waya."

Anime ake ce musu. Ni dai a lokacin katun katun ne, abin yara. Ana nan wata rana ina dawowa daga aiki na ga talla a gilashin wani ofishin tafiye-tafiye kusa da mu: za a kwashi mutane daga Doha zuwa Tokyo, da jagora, a zagaya da su wuraren anime da gidajen gem na wasan na'ura da wani abu wai gidan shayin 'yan aiki. Na tsaya a rana ina karantawa, na ce abin nema ya samu. Da na kira Rifkatu na gaya mata, sai ta yi wata ƙara da ban taɓa jin ta yi ba. Muka yi yarjejeniya: za mu je mu biyu, in mun dawo Doha ta ba ni amsa, ko ta zauna ko ta koma Jos. A raina na riga na ci. Wace 'ya ce za a kai ta ƙarshen duniya ta dawo ta ce a'a?

Wahalar biza ba sai na ba ku labari ba, duk kun san abin da koren fasfo yake jawo wa mai shi. Ita ta yi tata a Abuja, ni na yi tawa a nan, ta iso Doha da akwati biyu, ɗaya ba ta yarda na buɗe ba. A filin jirgi muka haɗu da sauran ayarin. Yawanci samari ne da 'yan mata 'yan ƙasashen nan, sai wani dattijo Balarabe, Abu Nasir, da ya rako 'ya'yansa mata biyu. Kallo ɗaya muka yi wa juna muka gane jirgi ɗaya ya kwaso mu tun kafin a hau na sama. Ya nuna 'ya'yansa, ya ɗaga hannu sama, ya ce, "Wallahi ya Sista, ban san abin da za mu je gani ba." Kafin a kira jirgi Rifkatu ta riga ta shige cikin 'yan matan, suna jero wasu sunaye suna tafawa. A jirgin kuwa, duk tsawonsa, abin da ya haɗa ni da ita bai wuce "Mama, kina son ruwa?" ba.

A bakin shiga Japan aka fara. Jami'in shige da fice ya juya fasfona gaba da baya kamar mai zaɓen doya, ya yi tambayoyinsa, ya buga hatimi. Na ce alhamdu, an wuce. Ashe ana wata ga wata. Muna jiran kaya sai ga wani ɗan kare mai dogayen kunnuwa, sanye da riga, ya zo ya zauna a gaban jakata kamar an aiko shi. Kilishin da Yaya Asabe ta aiko mini ne, har da dambun nama, na ɗauko don maganin abincin baƙunta. Jami'ar kwastan ta rusuna, ta nuna mini hoton nama da jan layi a kai, ta sake rusunawa, ta kwashe shi kaf. Ban taɓa ganin an yi wa mutum ƙwace da ladabi haka ba. Ina shirin yi mata bayanin cewa busasshe ne, sai na ji wata murya a bayana tana Japananci, tiryan-tiryan. Na juya, Rifkatu ce. Matar ta washe baki, suka yi ta rusuna wa juna, aka bar mini yajina.

Na ce, "Ke, yaushe kika koyi wannan?"

Ta ce, "A waya, Mama. Ai na taɓa gaya miki."

Wataƙila ta gaya mini ɗin, wataƙila na ce "to, madalla" ina neman takalmin aiki.

A waje muka tarar da jagorarmu, Keiko, wata 'yar siririyar mata da ƙaramar tuta a hannu. Tana jin Turanci, tana ɗan taɓa Larabci, in za ta tashe mu sai ta ce "yalla" a hankali kamar mai lallashin jariri. Ita ta kai mu masauki. Ɗakin kuwa, in ka buɗe akwati sai ka hau gado ka ba shi wuri. Silifa kala biyu, na ɗaki daban na bayi daban, ni kuwa na fito har wurin karyawa da na bayin, wata tsohuwa ta bi ƙafata da kallo. Bayin kansa da maɓallai ya fi wasu injinan asibitinmu. Na danna ɗaya don neman ruwan kora, abin da ya biyo baya ba zan faɗa a gaban matan zumuntar coci ba. Ihun da na yi dai ya sa Rifkatu ta zo tana buga ƙofa.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne shirun mutanen. Jirgin ƙasa cike maƙil, amma ko tari ba ka ji. Ku tuna motar haya a Jos daga Terminus, kafin a kai Bukuru ka san wanda matarsa ta haihu da wanda ya rasa akuya. Na shiga na ce wa na kusa da ni sannu, ya dube ni kamar na nemi rance. Ana cikin tafiya Yaya Asabe ta kira, na ɗauka da muryar gida, "Yaya, mun sauka lafiya, amma sun cinye kilishin!" Keiko ta matso, ta gicciya yatsunta biyu alamar ba a waya a nan, tana murmushi. Rifkatu ta sunkuyar da kai har muka sauka. Abinci ma haka. Saboda Musulmin cikinmu, gidajen halal ake kai mu, sai dai halal ba ta hana kifi zuwa ɗanye ba. Na ce ni da na yi shekaru ina gaya wa marasa lafiya su dafa abinci ya dahu, ba za a gan ni da wannan ba. Shinkafa nake karɓa, in faki ido in barbaɗa yajina, in miƙa wa Abu Nasir ta ƙarƙashin tebur. Taliyarsu mai romo ta yi mini daɗi, ko da yake yadda suke zuƙar ta da ƙara, a gidan Yaya Asabe da mutum ya sha ludayi a ka.

Ranar da za mu Akihabara, unguwar da ita ce cibiyar abin, Rifkatu ta buɗe akwatin nan da ta hana ni taɓawa. Kaya ne irin na wata jarumar katun da take so, amma da atamfa aka yi su, wani tela a Jos ya ɗinka mata daga zanen da ta yi da hannunta. Ga gashin kanti shuɗi har baya. Bakina ya ɗauko "haka za ki fita?" na haɗiye. Da muka isa na gode wa Allah da na haɗiye, don a can ni ce baƙuwar halitta da zanena da ɗankwalina. Benaye ne tun daga ƙasa har sama an lulluɓe su da hotunan masu manyan idanu, kiɗa ta ko'ina, wannan da kunnen kyanwa, wancan da takobin roba. An ce in ka je gari ka ga kowa da wutsiya kai ma ka nemi taka ka ɗaura, to a Akihabara ba karin magana ba ce, ana sayar da wutsiyar a shago. Mutane suka yi ta tsayar da Rifkatu suna roƙon hoto, suna shafa idonsu a kan atamfar, ita kuma tana ba su amsa da yarensu. Na tsaya gefe riƙe da jakarta ina kallonta da alfahari.

Daga nan Keiko ta shigar da mu gidan gem, bene a kan bene, ƙara kamar injin niƙa goma a ɗaki ɗaya. Na ga magidanci da furfura da kwat, ya ajiye jakar ofis, yana fama da wata ƙugiya a cikin gilashi don ya ciro 'yar tsana. Abu Nasir ya ce, "La haula, wannan ba shi da iyali ne?" Bai rufe baki ba 'ya'yansa suka ja shi, ba a jima ba na hango shi ya naɗe hannun riga yana yi wa ƙugiyar faɗa da Larabci. Ni kuma Rifkatu ta tsayar da ni a gaban wasu ganguna biyu da allo, wai in alama ta zo ka buga. Ta miƙo mini sanduna tana dariyar mugunta. Ba ta san wadda take riƙe wa zumunta kiɗa ba tun kafin a haife ta. Zagayen farko na yi shirme, na biyu hannuna ya gane hanya, na uku har wasu samari suka tsaya kallo. Na cinye ta. Rifkatu ta yi dariya har da riƙe ciki, bakinta a buɗe, ba irin murmushin ladabin da take yi mini ba. Ta kama hannuna muka fito, ba ta saki ba har titi.

Muna tafe ta ce, "Mama, makarantun Doha suna koyar da zane kuwa?"

Na ce, "Suna koyarwa mana." Ban ma sani ba, amma da a ce ba sa yi, da na buɗe mata da kaina. Na ce a raina, Ladi, kin gama.

Saura wuri ɗaya a ranar, gidan shayin 'yan aikin nan, wanda Rifkatu ta fi ɗoki a duk tafiyar. A saman wani siririn bene yake, lif ɗin ba ya ɗaukar mu duka, aka bi matakala. Gwiwata kun san halinta. Kafin in kai sama Keiko ta riga ta tara mutane a bakin ƙofa ta gama yi musu bayanin dokokin wurin, wutsiyar maganar kawai na tarar. Rifkatu ta matso ta ce, "Mama, kin ji dokokin? In maimaita miki?" Ina haki, ga kuma girman kai na wadda ta ci gem yanzun nan, na ce, "Na ji. Shan shayi ne sai an koya mini?"

Aka buɗe ƙofa, aka kaɗa ƙararrawa, 'yan mata suka jeru suna rusunawa da murya ɗaya. Rifkatu ta raɗa mini fassara: wai barka da dawowa gida, maigida da uwargida. Ɗakin duk ruwan hoda, kowa yana murna, ni kuwa gabana ya faɗi. Kayan jikinsu ne. Baƙar riga, farin ƙyalle ɗaure a gaba, 'yar hula a ka. An ƙawata su da leshi, amma na san kayan nan. Ku ma kun san su. Muna ganinsu a jikin 'yan aikin gida a manyan kantunan Doha, suna bin bayan iyali da jaka da jariri. Akwai gidaje na kirki, ban ce babu ba. Amma duk wadda ta yi aikin nas a ƙasashen nan ta taɓa karɓar yarinya mai irin rigar nan da aka kawo wai ta faɗi a matakala, madam tana tsaye a kanta tana amsa mata kowace tambaya.

Wadda aka ba teburinmu ta ce sunanta Momo. 'Yar ƙarama, da kunnuwan kyanwa a ka. Ta durƙusa a gefena ta ajiye shinkafa da wainar ƙwai a kai, ta ɗauko robar jan tumatir ta zana fuskar kyanwa. Sannan ta ce kowa ya haɗa yatsu kamar zuciya, a yi wa abincin wata 'yar waƙa don ya ƙara daɗi. Abu Nasir da gemunsa ya haɗa yatsu ya yi, bayan ya yi bisimillarsa. Ni ban yi ba, don lokacin da ta miƙo farantin na ga hannunta. Bandeji ne tun daga wuyan hannu har kusa da gwiwar hannu, an naɗa shi a karkace, ɗaurin wanda bai san aiki ba ko wanda ya ɗaure kansa da hannu ɗaya. A tsakiya ga ja ya ɓullo. Ga filasta a kumatu. Ga ta tana dariya tana tsalle, tana waiwayen wani mutum mai baƙar riga da ke tsaye a bayan teburin karɓar kuɗi.

Daga nan ban ƙara ganin komai a ɗakin ba sai hannun nan. Na ji dai an ambaci sunan Rifkatu, an yi tafi. Ashe Keiko ta gaya musu akwai baƙuwa daga Najeriya da ta koyi yarensu ita kaɗai, suka gayyace ta ta hau ɗan dandamalinsu ta yi waƙa, abin da ba kowa ake yi wa ba. Na san ta tashi daga gefena. Na san an saki kiɗa. Ni kuwa ina lissafin yadda zan yi magana da yarinyar nan ba tare da mai baƙar riga ya gani ba. Da Momo ta zo wucewa tana tafi, na miƙa hannu na cafke wuyan hannunta.

Na ce mata da Turanci, ƙasa-ƙasa, "Wa ya yi miki wannan? Kada ki ji tsoro, ni nas ce. Wa yake riƙe da takardunki?"

Ta ƙame, murmushin yana nan a fuskarta amma idanun sun fito. Ta ja, na riƙe. Na ɗauka tsoron mai gidan ne. Da ɗayan hannun na cire ƙugiyar bandejin na fara warwarewa, yadda na yi wa dubban mutane. Sai ta ƙwalla ƙara.

Kiɗa ya tsaya. Bandejin ya zube a kan teburin, a cikin shinkafata. Fata sumul, ko ƙurji babu. Jan nan fenti ne.

Mai baƙar riga ya iso, bai ɗaga murya ba, ya dai tsaya tsakanina da yarinyar. Keiko ta zo da gudu ta rusuna, ta sake rusunawa, har kanta yana neman taɓa gwiwarta, mace mai mutuncinta saboda ni. Momo ta ruga ciki tana kuka. Na ɗaga kai, sai ga Rifkatu a kan dandamali da makirfo a hannu, da atamfarta da shuɗin gashinta, duk ɗakin an bar kallonta ana kallon uwarta. Ta ajiye makirfon a hankali, ta sauko, ta tsaya kusa da Keiko, ita ma ta rusuna tana ba da haƙuri da Japanancin da ta koya don wata rana irin ta yau, ba don wannan ba. Aka ce mu fita, ayarin gaba ɗaya.

A bakin titi Keiko ta yi mini bayani, ba faɗa, wanda da ta yi faɗan da ya fi mini sauƙi. Momo ɗalibar jami'a ce, ita ta nemi aikin don tana son sa, in ta tashi gidan iyayenta take komawa. Kowace yarinya a wurin da irin wasan da take yi, ita nata kyanwa ce mayaƙiya da ta dawo daga fagen fama, shi ne bandejin da filastar. Dokar farko a gidan kuwa, wadda aka faɗa ina kan matakala, ita ce ba a taɓa su ko da yatsa. Ta biyu, ba a tambayar su labarin rayuwarsu. Ta uku, ba a ɗaukar hoto ko bidiyo a ciki. An kafa su ne don kare 'yan matan daga masu dogon hannu, mai baƙar rigar ma aikinsa ke nan. Wato abin da na je ceton ta daga gare shi, ni na yi mata shi. Na tambayi Keiko ko za su bar ta ta sake kawo baƙi, ta yi murmushi ta ce za ta yi magana da su. Abu Nasir ya ce, "Khalas ya Sista, niyyarki mai kyau ce." 'Ya'yansa dai sun rasa hoton tunawa da gidan da kansa yake ɗaukar baƙi da 'yan matan a ƙarshe.

Rifkatu ta yi gaba ita kaɗai. Na cim mata a kan wata gada kusa da tasha, ta cire gashin ta cusa a jaka. Maimakon in yi shiru, sai na hau kare kaina. Na ce wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Na ce da a ce ciwon gaske ne fa, da yanzu ana gode mini. Na ce ba ta san abin da idona ya gani a wurin aiki ba.

Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Mama, na tambaye ki ko kin ji, kika ce kin ji."

Na ce, "Haka ne."

"Kin ji waƙar?"

Na hau gyara ɗankwalina.

Ta ce, "Ina can sama ina neman idonki, ke kina kallon hannun wata." Ba ta yi kuka ba. Ta karɓi jakata ta rataya, ta ce, "Mu je, za mu rasa jirgi."

Sauran tafiyar an kai mu wurare masu kyau, in kuna son sunayensu sai dai ku tambayi wani. Akwai wani gidan tarihin zane, akwai wani ƙaton mutum-mutumin ƙarfe mai motsa kai, akwai wurin ibadarsu da ake wanke hannu a bakin ƙofa. Na so in koma in ba Momo haƙuri da bakina, Keiko ta ce ganina zai ƙara tayar mata da hankali, sai dai na sayi kwalin alewa ta kai a madadina, don haka ake yi a can. Rifkatu kuwa ba ta yi mini rashin kunya ko sau ɗaya ba. Tana riƙe mini jaka, tana nemo mini cokali, tana tambayar gwiwata. Ban ƙara ganin atamfar ba. Da ta yi fushi ta ƙi yi mini magana, da na san ta inda zan ɓullo, amma ladabi ba shi da ƙofa.

Muka sauka Doha zafi ya tare mu a bakin jirgi. Na yi mata girki, na zagaya da ita sabon birnin Lusail, na nemo makarantar da ke koyar da zane, ashe kuwa akwai. Ta duba hotunan a wayata ta ce tana da kyau. Wata safiya na dawo daga aiki na tarar ta share gidan, ta dafa shayi. Ta bari na zauna, ta durƙusa a gabana.

"Mama, na yi tunanin. Zan koma wurin Mama Asabe."

Na ce, "Saboda abin da na yi ne?"

Ta ce, "Ba na jin haushinki, Mama, Allah ya sani. Kin yi ƙoƙari." Ta murza bakin zanenta. "A can an san ni ne kawai."

Na tuna kunnen da Yaya Asabe ta ja mini, ban tilasta ba. A motar da ta kai mu filin jirgi na roƙe ta abu ɗaya, ta yi mini waƙar nan ko baiti ɗaya ne. Ta dubi direba, ta dube ni, ta yi murmushi ta ce, "Ba a nan ba, Mama."

Tana Jos yanzu, lafiyarta ƙalau, muna waya kamar yadda muka saba. Bayan ta tafi na kira 'ya'yan Abu Nasir ko akwai wadda ta saci ɗaukar waƙar a waya. Babu, kowa ya bi doka sai ni. Babansu ya karɓi wayar, na ce ya gaya mini yadda muryarta take. Ya ce, "Mashallah ya Sista, har tsigar jikina ta tashi. Ai ke ce a teburin gaba, kin fi kowa ji."

Na ce masa haka ne.